Yadda mutum ya zama raƙumin dawa: tambayoyi da amsoshi kan littafin tarihin wasan The Lion King

Tun ranar da na shiga da wannan littafi ajin wasan kwaikwayo ban huta da tambayoyi ba. Ɗalibai sun yi nasu, iyaye sun aiko da nasu, har wani tela a unguwarmu ya are shi da sunan kwana biyu, bai dawo da shi ba sai bayan mako uku. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Wai wane littafi ne ake ta maganarsa?

Sunansa The Lion King: Pride Rock on Broadway. Julie Taymor ce ta rubuta shi, ita ce kuma daraktar wasan, tare da taimakon marubuciya Alexis Greene. Kamfanin Hyperion, wanda a lokacin reshen ɗab'i ne na Disney, ya fitar da shi daidai lokacin da wasan ya fara tashe a New York, a ƙarshen shekarun 1990. Littafi ne mai faɗi, irin wanda ake shimfiɗawa a tebur, hotuna sun fi rubutu yawa. A ciki akwai zanen hannu na suturar 'yan wasa, da hotunan ƙananan samfura da aka fara ƙerawa kafin a yi na gaske, da hotunan bita, da na wasan kansa a kan dandamali. Taymor tana ba da labarin da bakinta, tun daga ranar da aka yi mata tayin aikin.

To ba katun ba ne Lion King? Me ya kai shi dandamali?

Katun ne da farko. Disney ta fitar da fim ɗin a 1994, tsawonsa bai cika awa ɗaya da rabi ba, ya kuma samu karɓuwar da ko masu shi ba su zata ba. Abin da littafin nan ke magana a kai shi ne wasan daɓe da aka gina a kan labarin fim ɗin, wanda mutane masu rai ke yi a gaban 'yan kallo kowane dare.

Irin wannan wasa, a can Amurka da Ingila, sana'a ce mai zaman kanta. Ana tafiya da labari, in magana ta kai inda baki ba zai iya ɗauka ba sai a ɓarke da waƙa da rawa, makaɗa kuma suna nan zaune a gidan suna kiɗa kai tsaye. Wanda ya tashi da finafinan Indiya ko na Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba, bambancin kawai babu kyamara, babu a yanke a sake. Broadway kuwa unguwa ce a tsakiyar New York inda manyan gidajen irin wannan wasa suke, kusan arba'in.

Disney ta fara gwada sa'arta a can a 1994 da Beauty and the Beast. Ta samu kuɗi, amma masu sharhi sun yi mata dariya, suka ce katun ne kawai aka sa wa ƙafafu. Da aka zo kan The Lion King sai matsalar ta ninka, domin labari ne da babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa. Zaki ne da kura da gwaggon biri da garken dabbobi masu gudu. An fara gwada wasan a gidan Orpheum da ke Minneapolis a Yulin 1997, sannan aka buɗe shi a New York ranar 13 ga Nuwamba 1997, a gidan New Amsterdam, tsohon gini na 1903 da ya lalace har Disney ta gyara shi.

Wace ce Julie Taymor?

Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1952 a jihar Massachusetts. Tun tana budurwa ta je Faris ta koyi wasan motsin jiki a makarantar Jacques Lecoq, inda ake koya wa ɗalibi ya yi magana da jikinsa alhali fuskarsa a rufe. Bayan ta gama kwalejin Oberlin sai ta tafi Indonesiya, ta shafe shekaru a can, har ta kafa ƙungiyar wasa mai suna Teatr Loh. A nan ta ga wasan inuwa na mutanen Java, wanda ake yanka fata a yi surar mutane a riƙa motsa su a bayan farin ƙyalle da fitila. Ta kuma nazarci bunraku na Japan, inda masu riƙe 'yar tsana suke tsaye a fili kowa na ganinsu.

Kafin Disney ta neme ta, ba ta taɓa yin wasan da aka shirya don tara kuɗi ba. An san ta a ƙananan gidajen wasa da na opera. Thomas Schumacher, ɗaya daga shugabannin sashen wasan daɓe na Disney, shi ya kira ta. Caca ce suka yi, kuma su ma sun san caca ce.

Mene ne babban abin da mutum zai gani in ya buɗe littafin?

Shawara guda ɗaya ce, duk sauran shafukan 'ya'yanta ne. Taymor ta ƙi ta ɓoye ɗan wasa a cikin rigar dabba. Ta ce a bar mutum a fili, a bar dabba a fili, mai kallo ya ga su biyun a lokaci guda, shi da kansa ya haɗa su a ransa.

Ɗauki Mufasa, sarkin zakuna. Fuskar zakin ba ta rufe fuskar ɗan wasan ba, a saman kansa take zaune kamar rawani. Zagayayya ce, gashin wuyan ya kewaye ta kamar hasken rana, dama da hagu daidai wa daida, domin sarki ne mai natsuwa. Ta ƙaninsa Scar kuwa a karkace take, gira ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙasusuwa a waje. Ko ba a faɗa maka wane ne mugu ba, ka gani. Waɗannan fuskoki biyu suna kan wani ƙarfe mai motsi da ya biyo ta bayan wuya. In 'yan'uwan suna magana ta lalama, fuskar tana sama, kana kallon idon mutum. In rai ya ɓaci, ɗan wasan ya sunkuya, sai fuskar zakin ta zabura gaba ta sauko, nan take ka ga dabbobi biyu suna shirin cin juna. Michael Curry ne ya yi aikin ƙirar tare da Taymor, shi ne ya san yadda ƙarfe da igiya za su yi abin da zane ya yi alkawari.

Shafin da ɗalibaina suka fi tsayawa a kai shi ne na raƙumin dawa. Mutum ɗaya ne, an ɗaura masa dogayen sanduna biyu a ƙafa, ya riƙe wasu biyu a hannu, ya duƙa yana tafiya da huɗu. Dogon wuyan da kan dabbar suna ɗaure a kansa kamar wata doguwar hula, fuskarsa kuma tana nan a gindin wuyan, ba a rufe ta ba. Mafi tsayinsu ya kai ƙafa 18, sai da tsani ake hawa. Giwa kuwa mutum huɗu ne, kowa a cikin ƙafa ɗaya, kuma ba daga bayan dandamali take fitowa ba, ta tsakiyar 'yan kallo take ratsowa a farkon wasa. Barewa an yi ta iri biyu. Akwai wadda masu rawa ke ɗaurawa a hannuwa da ka, kowane mai rawa ya zama garken uku. Akwai kuma wani keke da mutum ke turawa, ƙafafunsa na juyawa bareyi na tsalle ɗaya bayan ɗaya, duk ƙarafunan a waje. Ranar da na nuna wa yara wannan hoto, wani ya ce, "Malam, ai wannan motar kara ce." Bai yi ƙarya ba.

Timon, ƙaramar dabbar nan dangin tunku, shi aka yi wa salon Japan: 'yar tsana ce a gaba, ɗan wasa a bayanta sanye da kore tun daga gashi har ƙafa. Abokinsa Pumbaa, mugun dawa, sawa ake yi a jiki, nauyinsa ya kai kilo 20. Zazu cilakowa ce a hannun wani mutum mai hular Turawan Ingila. Gaba ɗaya 'yan tsanan wasan sun haura 200.

Abin da littafin ya fi bidiyo da shi a nan shi ne yana ba ka damar tsayawa. A wasa, raƙumin dawa zai wuce cikin minti ɗaya, ka buɗe baki ka rufe. A takarda kana iya bin sandar da yatsa ka ga inda aka ɗaure ta.

Yaya aka yi gudun garken da ya tattake Mufasa? Ai wannan sai a fim.

Kowa haka ya ce kafin a yi. Richard Hudson, wanda ya tsara dandamalin, haifaffen ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, ya jera wasu ƙofofi a jere, kowace ta fi ta bayanta girma, sai ido ya ga kamar kwazazzabo ne mai zurfi. Can ƙurya, dabbobin zane ne a kan ƙyalle mai naɗewa. A tsakiya, ƙananan sassaƙe ne a kan gangunan da ke juyawa. A gaba kuma masu rawa ne riƙe da manyan kawuna. Ƙanana, matsakaita, manya, duk suna motsi tare da kiɗa da ƙura, sai ka rantse garke ne ya taso maka.

Wannan ya ci kuɗi da injina. Amma dabarun da suka fi kama zuciya kusan kyauta ne. Da sarki ya mutu, zakanyu suna jawo dogayen fararen ƙyallaye daga idanun fuskokinsu, hawaye ke nan. Da fari ya sauka a ƙasar a zamanin mulkin Scar, wani shuɗin alharini ne shimfiɗe a ƙasa, ana zuƙe shi a hankali ta wani rami a tsakiya har ya ƙare, tafki ya ƙafe a gaban idonka. Ciyawar daji kuwa mutane ne ke tasowa daga ƙarƙashin dandamali da faranti cike da ciyawa a ka, kamar masu talla. Ranar da ke fitowa a farkon wasa ma siraran sanduna ne da alharini, ana ɗaga su da zare. Taymor tana iya haska hoton rana a bango da na'ura, ta ƙi.

Disney ta amince da wannan cikin sauƙi?

Ina! A 1996 an yi gwaji a gaban manyan kamfanin, abin bai yi armashi ba. An nuna 'yan tsanan kusa-kusa, babu fitilun dandamali, wasu ma ba a gama su ba, sai manyan suka rasa inda za su kalla, mutum ko dabba. Aka fara maganar a sauya. Bayan 'yan watanni Taymor ta sake shirya gwaji a kan dandamali na gaske, da fitila da kwalliya da tazarar da mai kallo zai zauna, ta nuna manyan taurarin ta hanyoyi daban-daban, har da fenti a fuska kawai. Michael Eisner, shugaban Disney na lokacin, ya zaɓi dabararta ta farko.

Ita ma ba kullum take da gaskiya ba, kuma tana faɗa. Shawararta ta farko kan rabi na biyu na labarin ita ce Simba, ɗan Mufasa, ya gudu ya faɗa wani birni a hamada mai kama da Las Vegas, birnin caca na Amurka, ya haɗu da wani kada uban 'yan daba, a mai da shi ɗan dambe. Disney ta ce a'a, kuma Allah ya sa ta ce a'a. Sai dai wajen zana mazauna wannan birni, rabi mutum rabi dabba, ta gano salon da ya zama ƙashin bayan wasan duka.

Labarin ya bambanta da na fim ɗin?

Gindinsa ɗaya: ƙani ya kashe wa ya ci sarauta, yarima ya gudu da zaton shi ya jawo mutuwar ubansa, ya girma a dawa, ya dawo. Roger Allers da Irene Mecchi, waɗanda suka yi aikin fim ɗin, su suka rubuta na dandamali. Amma wasan ya kai awa biyu da rabi, don haka dole a ƙara nama.

Babban canjin shi ne Rafiki. A fim namijin biri ne. Taymor ta lura babu wata babbar mace mai faɗa a ji a labarin, sai ta mai da shi mace, ta yi mata siffar masu maganin gargajiya na Afirka ta Kudu. Tsidii Le Loka, 'yar Lesotho, ita ta fara hawa wannan matsayi, muryarta ce ke buɗe wasan. Nala, zakanya ƙawar Simba, ita ma an ƙara mata nauyi: Scar ya nemi ya aure ta da ƙarfi, ta ƙi, ta bar ƙasar. Wannan ne ya ba ta dalilin tafiya, wanda a fim bai fito sosai ba.

Sunayen kuwa na Swahili ne mafi yawa. Simba zaki, Rafiki aboki, Sarabi kawalwalniya. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji ƙamshin biyun ƙarshe.

Waƙoƙin fa? Na ji ana wani yare da ba Turanci ba.

Waƙoƙi biyar na fim ɗin, na Elton John da Tim Rice, suna nan, sun ma ƙara wasu. Amma sautin da ke sa tsigar jiki tashi na Lebo M ne. Sunansa Lebohang Morake, haifaffen Soweto a 1964, ya bar ƙasarsa yana yaro a zamanin wariyar launin fata, ya bi ta Lesotho ya ƙare a Amurka. Ya taɓa yin aiki da Hans Zimmer, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, shi ya sa Zimmer ya kira shi da aka zo fim ɗin. Kiran nan da ke buɗe fim ɗin muryarsa ce, da harshen Zulu, yana shelar ga zaki nan tafe.

A 1995 an fitar da wani faifai mai suna Rhythm of the Pride Lands, mafi yawansa aikin Lebo M. Taymor ta saurare shi ta ɗebo waƙoƙi daga ciki, aka sa wa wasu baitocin Turanci, aka bar wasu yadda suke. Don haka a wasan za ka ji Zulu da Xhosa da Sesotho da Setswana da Swahili, ba tare da an fassara wa kowa ba. Mawaƙan amshi a fili suke, makaɗan ganguna ma an ajiye su a gefen dandamali inda ake ganinsu. Rawar kuma Garth Fagan ne ya tsara, ɗan Jamaika.

Wannan ne sashen da littafin ya fi rauni, kuma ba laifin kowa ba ne. Takarda ba ta waƙa. In za ka karanta, ka nemi faifan 'yan wasan farko ka kunna a gefe.

Littafin tarihi ne na gaskiya ko talla ce?

Duka biyun, kuma gara mai karatu ya san haka tun daga bango. Wadda ta yi aikin ita ta rubuta, kamfanin da ke sayar da tikiti shi ya buga. Ba a tambayar mai tuwo ko miyarta ta yi daɗi. A kan yadda aka ƙera abubuwa, da abin da aka gwada ya ƙi, na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin zanen yana nan yana ba da shaida. A kan abin da zai sosa wa Disney rai kuwa, sai ka nema a wani wuri.

Misali ɗaya ya isa. Akwai tsohuwar waƙar nan ta zaki yana barci, wadda ake rerawa kaɗan a fim ɗin da wasan. Asalinta waƙar Mbube ce, wadda Solomon Linda, wani Bazulu, ya ɗauka a faifai a Johannesburg a 1939. Ya sayar da haƙƙinta a kan 'yan sulalla, waƙar ta zaga duniya da sunayen wasu, shi kuma ya rasu a 1962 ba shi da komai. A shekarar 2000 ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone, a 2004 magadansa suka kai Disney ƙara, a 2006 aka sasanta da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙar. Duk wannan ya faru bayan fitar littafin, amma ko da ya riga shi, ba na jin da ya samu shafi. Haka ma tsohuwar muhawarar kamannin fim ɗin da katun ɗin Japan na Osamu Tezuka, mai farin zaki Kimba, wadda Disney ta daɗe tana musantawa.

Akwai kuma abin da ni kaina yake ɗan tsaya mini a wuya. Afirkar wasan ba wata ƙasa ba ce takamaimai. Suna daga gabas, harshe daga kudu, ado daga nan da can, dabarar 'yan tsana daga Asiya. An yi haɗin da gwaninta, kuma an sa baƙaƙen fata a matsayin sarakuna a kan dandamalin da bai saba ba su wannan wuri ba. Duk da haka Afirka ce ta idon baƙo mai ladabi.

Me ya faru da wasan bayan an buga littafin?

A bikin lambar yabo ta Tony na 1998 wasan ya ci guda 6: gwarzon wasa, darakta, rawa, tsarin dandamali, sutura, da hasken fitila, wanda Donald Holder ya yi. Taymor ce mace ta farko da ta ci lambar darakta a irin wannan wasa. Ka lura da abin da bai ci ba: lambar rubutun labari da ta waƙoƙi, wani wasa mai suna Ragtime ne ya tafi da su. Alƙalan sun yaba wa abin da ido ke gani, shi ya sa littafin hotuna ya dace da wannan wasa fiye da yawancin 'yan'uwansa.

Daga nan ya bazu. Tokyo a 1998, Landan a gidan Lyceum a 1999, Hamburg a 2001, Madrid a 2011, Shanghai a 2016 da harshen Sin. A New York ya koma gidan Minskoff a 2006. A 2010 an rage masa 'yan mintuna, har aka cire wata waƙar Zazu, don haka wanda ya je kallo yau zai tarar da ɗan bambanci da abin da littafin ya kwatanta. A 2014 aka sanar cewa kuɗin tikitinsa a duniya ya haura dala biliyan 6.2, abin da babu wani fim ko wasan daɓe da ya taɓa tarawa a ƙofa kafin nan. Annobar korona ta rufe shi a Maris 2020, ya dawo a Satumba 2021. Wanda ke son wannan rabin tarihin, akwai wani littafin hotuna na Michael Lassell da Disney ta fitar a 2017, lokacin cikar wasan shekara 20.

An taɓa kawo shi Afirka?

An kai shi Johannesburg a 2007, da 'yan wasa 'yan ƙasar. Bai zo Najeriya ba. Amma Afirka ta Kudu ba ta taɓa barin wasan ba, domin duk inda aka kafa shi sai an ɗauko mawaƙa daga can, saboda sautin amshin ba ya koyuwa a wata uku. Lindiwe Dlamini, wadda ta fara zuwa New York da wasan Sarafina, ta shiga The Lion King tun ranar farko a 1997 ta kuma shafe fiye da shekara 20 a ciki.

Sai na iya Turanci sosai? Kuma zan iya ba yara?

Rubutun Turanci ne, ba mai tsauri ba, ɗan sakandare zai bi shi da ƙamus a gefe. Telan da na ambata ba ya karanta Turanci ko kaɗan, amma da ya dawo da littafin sai da ya zaunar da ni ya yi mini bayanin yadda aka yanka rigunan zakanyu don su riƙa shan iska in ana rawa, abin da ni mai karatun ban lura da shi ba.

Yara kuwa babu abin kunya a ciki. Iyaye dai su san abu biyu: akwai mutuwar uba a gaban ɗansa, kuma Rafiki siffar boka aka ba ta, Simba ma yana ganin fuskar mahaifinsa a sararin sama bayan ya mutu. Yaron da ya saba jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san inda ake ajiye irin wannan. Kurayen wasan ma ba za su ba shi mamaki ba, masu kwaɗayi ne da wauta kamar kurar tatsuniya.

Mu da ba mu da kuɗin Disney, me za mu ƙaru da shi?

Bari in ba da labarin kaina. Shekarar da na samu littafin, muka shirya ɗan wasa na ƙarshen zango, na ce lallai sai mun yi zaki irin na Taymor. Muka samo kwali da tsofaffin jaridu da sitaci, muka yi ta liƙawa har kwana huɗu, muka shanya a rana, muka yi masa gashi da igiyar rama. Ya yi kyau ƙwarai a kan tebur. Da muka ɗora wa yaron da zai yi sarki, muka ɗaure da tsohon bel a haɓa, minti goma bai yi ba ya fara tafiya kamar mai ɗauke da tulu, wuya a sandare, ido na hawaye. Da ya sunkuya zai yi gurnani sai kan ya zame ya rufe masa fuska, ya yi karo da benci. Ajin ya mutu da dariya.

Sai daga baya na gano abin da na tsallake. Fuskar Mufasa ta gaske, duk girmanta, giram 300 da 'yan kai ce, ta Scar kimanin 200. Ko ruwan leda ɗaya bai kai ba. Da wani abu mai sauƙi da ƙarfi ake yin su, irin wanda ake jikin jirgin sama da shi, sannan a yi musu fenti su yi kama da itace. Ba mu da wannan, amma muna da kara. Muka sake yin firam da ɓawon karan dawa kamar yadda yara ke yin mota, muka ja masa yadi marar nauyi, muka ɗinke shi a kan hula mai kama kai. Ya zauna daram.

Dabarun ƙyalle kuwa mun kwashe su kusan duka. Kogi da shuɗin yadi yadi shida, yara biyu suna kaɗawa. Wasan inuwa da zanin gado da tocila. Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: salon aiki kowa na iya koya, amma labarin da waƙoƙin da surar taurarin mallakar Disney ne, ba a ɗauka a yi wasan kuɗi da su sai da izini. Mu labarin Zaki da Dila muka yi.

A ina zan same shi, kuma me zan duba kafin in biya?

Sabo yana wuya a kasuwanninmu. Nawa a wurin mai gwanjon littattafai na tsince shi, a ƙarƙashin tarin littattafan girki, da tabon ruwa a gefe. Ana samunsa a shagunan intanet masu sayar da tsofaffin littattafai, sai dai kuɗin aikowa kan fi kuɗin littafin saboda nauyinsa, don haka in kana da mai dawowa daga waje, shi za ka roƙa.

Ka tabbatar da sunan Julie Taymor a bango, domin littattafan yara masu sunan Lion King sun fi a ƙirga, kuma hotunan katun ne kawai a cikinsu. In na hannu ne, ka buɗe tsakiya ka ja shafi a hankali ka ga ko ɗinkin yana nan. Takarda mai sheƙi in ta sha danshi mannewa take yi, in ka ɓamɓare sai hoton ya tafi da rabin na gabansa. Nawa haka ya rasa shafi biyu. Da damina kada ka bar shi a ƙasa ko jikin bango, ka kwantar da shi a saman kabad cikin leda.